Laccar da Aka Yi wa 'Yan Kasuwa a Funtua: Ina Sharar Kasuwa Take Zuwa?

'Yan'uwa talakawa, 'yan gwari, mahauta, masu awo da 'yan dako, barkanku da zuwa. Zancen da ya tara mu yau zancen shara ne da ruwan damina. Kada wani ya raina shi, domin a cikinsa akwai lafiyar 'ya'yanmu da kuma cinikinmu.

Kowa ya san albarkar ƙasar nan tamu. Tumatir na Danja, masara da dawa na Dandume da Bakori, auduga ta Funtua da Malumfashi, duk ta hannunmu suke bi. To, amma kowane kwandon tumatir yana barin ruɓaɓɓe, rake yana barin ɓawo, mahauta tana barin jini da kashin tumbi. Duk rani muna tara su a bakin kwata muna cewa mun zubar. Ba mu zubar ba, ajiya muka yi. Ran da aka yi ruwan farko, sai ruwa ya zo ya karɓi ajiyarsa.

Ina yake kai ta? Ku lura. A nan yankin Funtua Gulbin Sakkwato ya faro. Daga nan ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima, sa'an nan ya faɗa Kwara. Watau mu ne a kan gulbi, abin da muka saki wani zai ɗiba a tulu. Mu kanmu ba mu tsira ba. Madatsar Mairuwa da ke shayar da Funtua, da madatsar Malumfashi, ruwan sama ne ya cika su, bayan ya bi ta gonaki da ƙauyuka da kasuwanni.

Ga yadda ɓarnar take. Ruwa in ya ratsa juji, yakan fito baƙi da wari, ya nutse ƙasa ya sami rijiyoyin da ke kusa. Ruɓaɓɓen kaya in ya shiga tafki yakan cinye iskar da kifi ke shaƙa. Takin zamani da aka bari ruwa ya doka yakan narke, ya haifar da gansakuka. Leda kuwa ita ce ke toshe kwalbati, ruwa ya dawo cikin rumfuna ya jiƙa buhunan masara, inda ya kwanta kuma sauro ya yi ƙwai. Mafi muni, kasuwar da ba ta da ban ɗaki, juji shi ne ban ɗakinta. Ta nan amai da gudawa ke shigowa. A shekarar 2021 wannan cuta ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ruwa ba ya tsami banza.

To, mene ne namu? Na farko, mu raba shara biyu. Abin da ke ruɓewa dabam, leda da roba dabam. Mai ruɓewa taki ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar jujin birni a kan jakuna suna kai wa gona, mu ma manoma ne, don me za mu ba kwata abin da gona ke nema? Na biyu, wurin tara shara ya zama kan tudu, nesa da kwata da rijiya, da daɓe a ƙasa da rufi a bisa, a kwashe shi kafin ya kwana uku. Na uku, ruwan da aka wanke karas da latas da kayan ciki, a haƙa masa rami a zuba tsakuwa, kada a sake shi a hanya. Na huɗu, masu sayar da taki da maganin feshi su ɗora kayansu kan katako a cikin shago. Kwalbar magani in ta ƙare a huda ta, kada a wanke ta a rafi, kada kuma a zuba mai ko ruwan sha a ciki.

Sauran aikin na hukuma ne, ba ma jin nauyin faɗa. Kowace ranar kasuwa ana yankar mana rasit. Wanda ya karɓi kuɗin rumfa, shi ya ɗauki alkawarin motar shara, da ban ɗaki, da yashe magudana. Dattawanmu sun tuna zamanin da duba-gari ke zagaya rumfa rumfa. Yau ma akwai ma'aikatan lafiya a ƙaramar hukuma, akwai hukumar kula da muhalli ta jiha. Saboda haka muna roƙon Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da shugabannin kowane layi su rubuta takarda guda, kowa ya sa hannu, a kai ta sakatariya tun cikin watan Afrilu, kafin hadari ya haɗu. A nemi amsa a rubuce. In shiru ya yi yawa, a koma, a sake komawa.

Amma wanda zai je neman hakkinsa, lalle ya fara share gaban rumfarsa, don kada a sami bakin mayar masa da magana. Ran kasuwa mai zuwa kowa ya zo da tsintsiya da kwanduna biyu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga annoba. Wassalam.