Karayar Dunduniya: Kada A Yi Gaggawar Takawa

(Jawabin da editanmu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci)

 

Yau zan yi magana a kan ƙashin dunduniya. Sawun mutum yana da ƙasusuwa 26. Na dunduniya ya fi sauran girma, kuma shi ke fara taɓa ƙasa in mun taka.

Yawanci faɗowa daga sama ke karya shi. Mutum ya hau kuka yankan ganye, ko magini ya zame daga tsani, sai ya dira a tsaye. Nauyin jikinsa duka ya sauka a kan dunduniya. Ƙashin ƙwauri yakan karye kamar kara. Shi kuwa na dunduniya murƙushewa yake yi kamar ɓawon gyaɗa. Shi ya sa jinyarsa take da wuya.

Bari in ba ku labarin ƙanena. Ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka. Likita ya ce kada ya taka ƙafar. Bayan mako 3 zafi ya ragu, ga ruwan shuka ya sauka. Sai ya jefar da sanda, ya ɗauki fartanya. Ƙashin bai gama haɗewa ba, sai ya lotse, ya warke a karkace. Yau dunduniyarsa ta yi faɗi, takalmi ba ya shigarta. In ya bi kunyoyin gona sai ya dawo yana ɗingishi. Don gudun asarar damina ɗaya, ga shi yana wahala kowace damina.

To, yaya za a gane wannan karaya? Dunduniya za ta kumbura ƙwarai. Jini zai kwanta a tafin ƙafa. Mutum ba zai iya takawa ba. A tambaye shi ko bayansa na ciwo, domin kusan mutum 1 cikin 10 yakan samu karaya a ƙashin baya ma. In haka ne, kada a zaunar da shi. A kwantar da shi a kan faffaɗan katako, a kai shi asibiti.

Kada a murza wurin, kada a ɗaure shi tamau. Ɗauri mai tsanani yana hana jini gudu. Hannu ba ya gane yadda ƙashin ya fashe, sai an ɗauki hoto. Wani siminti za a sa masa, wani sai an yi aiki. In abin ya yi tsanani, akan tura mutum babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Bayan an dawo gida, a riƙa ɗora ƙafar a kan matashi don kumburi ya saɓe. A yi tafiya da sanduna biyu, ƙafar na sama. Akan yi mako 6 zuwa 12 ba a taka ba. Likita ne zai ce a fara, kuma kaɗan-kaɗan ake farawa. Raguwar zafi ba ita ce warkewa ba. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki watanni, wani har shekara. Mai shan taba ya daina, don tana jinkirta haɗewar ƙashi. Mai ciwon suga ya sanar da likita tun farko.

Saura mu, maƙwabta. Abin da ke tayar da majinyaci shi ne tunanin gonarsa. Mu yi masa gayya, mu shuka, mu nome, shi kuwa ya zauna ya warke. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ƙara mana lafiya. Wassalam.