Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Aka Yi Horon Doki Ya Fi Ƙarfin Talaka?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Mai'adua, cikin ƙasar Daura ta Jihar Katsina. Mai wasiƙar ya ce shi manomi ne, kuma ya gaji doki wajen mahaifinsa. Ya ce ya ga Turawa a talabijin suna sa doki taku bisa kiɗa kamar mai rawa, yana so a gaya masa sunan wasan da asalinsa. Sa'an nan ya ƙara da tambayar da ta fi damunsa: me ya sa yanzu ɗan talaka ba ya samun mai koya masa horon doki, alhali kakanninmu sun iya ba su biya ko kwabo ba?

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Tambayoyin naka biyu ne, amma za ka ga amsarsu ta haɗu wuri ɗaya.

Wasan da ka gani sunansa diresaj, kalmar Faransanci ce, ma'anarta horo. Ana yin sa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, alƙalai na zaune a gefe suna ba da maki. Ba tsere ake yi ba, ba kuma tsalle ba. Abin da ake dubawa shi ne yadda doki ke bin mahayinsa ba tare da ɗan kallo ya ga an fizgi linzami ba: ya yi tafiya a gicciye, ya yi taku a wuri ɗaya, ya juya bisa ƙafafun baya, ya tsaya cak. Asalinsa horon dawakin yaƙi ne. Ya shiga wasannin Olamfik a 1912, kuma hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. Kai, a wasannin Landan na 1948 ƙasar Suwidin ta ci zinare, daga baya aka ƙwace, don an gano ɗaya daga cikin mahayanta bai kai muƙamin hafsa ba. Sai a 1952 aka buɗe wa farar hula da mata ƙofa.

To amma ƙofar da doka ta buɗe, kuɗi sun zo sun tura ta. Doki ba ya shiga babban aji na wannan wasa sai ya kai shekara 8, wato shekara da shekaru ana ciyar da shi, ana biyan mai horo da likita, bai kawo ko sisi ba. Mai kuɗi kuwa ba ya jira, horarre yake saya. Alal misali, wani akawal na ƙasar Holan mai suna Totilas ya ci zinare uku a gasar duniya ta 2010, a shekarar kuma aka sayar da shi ga wani attajirin Jamus, jaridu suka ce kuɗin sun kai wajen Yuro miliyan 10. Ka ga ke nan ko a Turai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Yanzu mu dawo gida. Malam, kada ka ɗauka horon doki baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Mahayin da ya sheƙo da sukuwa ranar hawan Salla ko Sallar Gani a Daura, ya zo gaban Sarki ya yi zamiya, doki ya ƙame wuri ɗaya ya kai jafi, ai ba ranar ya koya masa ba. Haka wanda dokinsa ke rawa in an buga kalangu, ko ya ratsa taro ana harba bindiga bai firgita ba. Duk aikin watanni ne, wani ma shekaru.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ko a da ingarma mai kyau na sarakai ne da attajirai. Abin da talaka yake da shi a wancan zamani shi ne hanyar shiga. Bargar sarki da ta hakimi makaranta ce. Yaro zai shiga ƙarƙashin Shamaki ko wani dattijon barga, ya fara da yankan ciyawa da share turke da ba da ruwa da kanwa. In an ga hankalinsa a bar shi ya ja dukushi da ragama, daga nan ya ɗaura sirdi, daga nan ya fita kilisa. Da guminsa yake biyan kuɗin makaranta. Bugu da ƙari doki abin hawa ne na kullum, dagaci da malami da falke da manomi mai ɗan hali duk suna da shi, saboda haka da wuya ka rasa wanda ya san hannu a gari.

To me ya sauya? Na farko, keke da babur da mota sun karɓe wa doki aikinsa. Dabbar da ba ta kai ka kasuwa, ba ta kai ka gona, ta zama ado, shi kuwa ado sai mai rara.

Na biyu, ciyarwa. Doki gero da dawa yake ci, wato shi da iyalinka kwano ɗaya kuke sa hannu. Makiyaya da burtali da yawa sun zama gonaki, harawa da dusa da a da maƙwabci zai ba ka kyauta yau sai da kuɗi. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙara tsadar dako da hatsi. Ku kuma mutanen Mai'adua, masu babbar kasuwar dabbobi a bakin iyaka, kun fi kowa sanin abin da rufe iyaka ya jawo, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na uku, gwanaye sun bi kuɗi. Wasan folo ya kafu a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa ƙwarai. A lokacin da dawakin ƙasar nan ake bugawa. Yau manyan 'yan folo da 'yan sukuwa daga Sudan da Ajantina suke sayo dawaki. Wanda ya iya horo a ƙauye, in ya ji albashi a bargar wani attajiri a Kano ko Kaduna ko Abuja, zai tafi, kuma ba ka ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Sai gari ya wayi gari da dawaki babu malami.

Na huɗu, haya. Saurayi zai yi hayar doki na yini guda don Salla ko hawan angwanci, bai san halin dokin ba, dokin bai san shi ba. Abin da haƙuri ya kamata ya yi sai a ce bulala da linzami mai kaifi su yi. Ƙarshenta bakin doki ya tsage, ko ya kwasa a guje cikin yara. Nan ne abin ya wuce maganar sha'awa ya zama maganar rai.

Ba mu ce kuɗi ba su kawo alheri ba. Sun kawo likitocin dabbobi da magunguna, sun raya sana'ar masu sirdi da dukawa, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Amma ana iya sayen jalala da alkyabba a yini ɗaya, hannun da ya san doki kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. In dattawan da suka rage suka tafi da saninsu, za mu riƙa ganin kaya masu ƙyalli bisa dawakin da ba su jin magana.

Shawararmu gare ka, Malam, tsohuwar hanyar nan ba ta toshe duka ba. Ko a Ingila, Charlotte Dujardin da ta ci zinare a Olamfik na 2012 da 2016, da aikin kula da dawaki ta shiga bargar Carl Hester a 2007. Ita ɗin ce kuma aka dakatar shekara guda a 2024, bayan an ga hoton bidiyo tana zabga wa doki bulala. Darasi biyu ke nan: a shiga ta barga, a kuma bar duka. Ka nemi dattijon da ya rage a yankinku, ka kai ɗanka ya yi masa hidima. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu dawaki, ku sayi harawa da kaka tana araha, ku ɗauki mai horo ɗaya ku raba kuɗinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a ɗora wa dukushi mahayi sai ya kai wajen shekara 3. A riƙa yi masa darasi gajere kullum da sanyin safiya, in ya yi daidai a shafa wuyansa a sauka.

Muna kuma roƙon masarautar Daura da hakimanta da attajiran da Allah ya hore wa barga, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga gidan talaka ya sa a koya musu. Su ne za su riƙe muku linzami gobe.