Jawabin Ma'aji: Neman Tallafi Domin Masu Ciwon Damuwa



Yau ranar murna ce, amma ku yi haƙuri in taɓo abin da muke rufewa. Tun harin Gamboru Ngala a Mayun 2014 da bom ɗin babbar kasuwar Njamena a Yulin 2015, akwai 'yan'uwanmu da ba su koma daidai ba. Wani barci ya ƙaurace masa, wani jarinsa ya ƙone ya daina magana, yaran mota kuwa sun faɗa tiramol. Sai mu ce aljanu ne, mu kulle mutum a ɗaki. Addu'a da wurinta, magani ma haka. Mai hali yakan kai nasa asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Ɗan dako a gadar Ngeli fa?

Kwamiti zai nemi tallafin ƙungiyoyin agaji domin ma'aikacin jinya ya riƙa zama nan Sabangali sau biyu a mako, a kuɗi kaɗan. Sai dai ba sa sakin kuɗi sai sun ga takardar rajista, littafin shiga da fita, da abin da muka zuba da kanmu. Don haka nake roƙon kowa sefa 1,000 duk wata, daga wannan watan. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi.