Haƙorin Ƙurya: Kada Mu Bari Sai Baki Ya Ƙi Buɗuwa

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna wannan gari na Potiskum, muna yi muku barka da zuwa. An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani ciwo da muke rainawa, alhali kuwa yana kwantar da samarinmu a kasuwar shanu, da kasuwar hatsi, da masu bin tirela. Wannan ciwo shi ne na turmin ƙarshe, wato haƙorin nan na can ƙuryar baki. Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, amma abin da likitocin haƙori ke faɗa shi za mu isar.

Yaro yana da haƙora 20, baligi kuma 32. Daga cikin 32 ɗin nan, guda 4 su ne na ƙurya, biyu sama biyu ƙasa. Su ne ke fitowa a ƙarshe, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25, shi ya sa Turawa ke ce masa haƙorin hankali. Wani nasa su fito lafiya lau, wani kuma ba za su fito ba sam, kuma wannan ba cuta ba ce.

To, ina matsalar take? Lokacin da zai fito, sauran haƙora sun riga sun cika muƙamuƙi, kamar wanda ya zo kasuwa da la'asar ya tarar an kama rumfuna. Sai ya fito a karkace, ko ya kwanta yana tokarin na gabansa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran. A ƙarƙashin wannan tsoka abinci ke maƙalewa, tsakin goro, zaren nama, ga shi asuwaki ba ya kaiwa can sosai. Daga nan sai ruɓa, sai kumburi, sai warin baki, sai zafi har cikin kunne. Babu wata tsutsa a ciki, jama'a. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani.

Abin da muka saba yi kun san shi. A cusa kanumfari, a sayi ƙwaya a kyamis, in ya lafa a ce an warke. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara haƙorin da ya kwanta. Wasu har asfirin suke dannawa a dasashi, wasu ruwan batir, wasu fetur. Waɗannan ƙona naman baki suke yi. Mafi haɗari kuma shi ne miƙa baki ga mai cire haƙori na bakin kasuwa. Haƙorin ƙurya na ƙasa yana da ƙarfin saiwa, kuma kusa da shi akwai jijiyar da ke ba leɓe ji. In aka fizge shi da ƙarfi, saiwa na iya karyewa ta zauna a ciki. Ƙarfen da aka sa a bakin wani ba a dafa ba kuwa yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Araha ba ta ado.

Ga alamun da in an gan su ba a kwana: baki ya ƙi buɗuwa, kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, zazzaɓi, haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya fara wuya. Ruɓar haƙori in ta gangara wuya tana toshe hanyar iska, kuma tana kisa. A irin wannan hali a ajiye ciniki, a nufi babban asibitin garin nan ko da tsakar dare ne. In aikin ya fi ƙarfin nan, akan tura mutum asibitin koyarwa na Damaturu, ko na Jami'ar Maiduguri, ko na Malam Aminu Kano a Kano.

Kada kuma tsoro ya hana mu zuwa. Ba kowane haƙorin ƙurya ake cirewa ba. A Ingila, tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'ida ta ce wanda ba ya kawo ciwo a bar shi. Likita zai duba, ya ɗauki hoto, sannan ya yanke shawara. In cirewa ta kama, allura ake yi wurin ya mutu. Mutum na jin ana taɓawa amma ba ya jin zafi. Wani lokaci sai an tsaga dasashi an yi ɗinki. Zancen cewa cire haƙorin sama yana kashe ido kuwa ba shi da tushe. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai shan maganin tsinka jini da mace mai juna biyu, su faɗa wa likita tun kafin a fara.

Bayan an cire, a cije audugar da aka sa kamar rabin awa. Ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne ke warkar da shi. Washegari a fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. A ci abu mai laushi kamar kunu mai sanyi da fura. A jingine taba, goro da kilishi na 'yan kwanaki. Kumburi na kwana 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne, amma in zafi ya ƙaru bayan haka, ko jini ya ƙi tsayawa, ko leɓe ya daɗe a mace, a koma asibiti.

Daga ƙarshe, roƙonmu ga iyayen gida ne. Yaran da ke rumfunanmu da motocinmu, waɗanda iyayensu suka damƙa mana daga Kano, Katsina ko Haɗeja, su ne ke cikin shekarun wannan ciwo, kuma sukan ɓoye don kada a ce sun faye raki. In ka ga yaronka ya dafe kunci kwana biyu, ba shi kuɗin mota da na kati ya je a duba shi. Asarar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan jinyar mako biyu, kuma amana ce a wuyanmu.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.