A auna zuciyar masu nutso kafin su faɗa ruwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye a 1992, su ya zama abincin gidaje da dama daga can har zuwa Ruwan Bago ta ƙasar Rogo. In koma ta maƙale a kututturen da ruwa ya shanye, ko kwalekwale ya kife, masunci ne ke tuɓe riga, ya ja numfashi, ya nutse. Kamata ya yi a riƙa auna zuciyarsa tukuna. Ruwan sanyi, balle na hunturu, yana tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa, jini ya taru a ƙirji, bugun zuciya ya ragu alhali mutum na aikin ƙarfi ba numfashi. Lafiyayye yakan jure. Mai hawan jini, wanda sau tari bai san yana da shi ba, zuciyarsa na iya rikicewa a can ƙasa, a ce ruwa ne ya ci shi.

Wani zai ce ai nutso gado ne, kuma masunta ba tukunyar iska suke goyawa kamar Turawa ba. To, gado kan koyar da ruwa, amma shekaru na cin jijiya, ɗan sarkin ruwa ma bai tsira ba. Su masu tukunyar, ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe dattawansu, shi ya sa ake tambayarsu lafiyarsu kafin horo. Batun ɓata lokaci kuwa, awon hawan jini minti kaɗan ne a asibitin sha-ka-tafi. Wanda ke jin nauyin ƙirji ko haki sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sarakunan ruwa su sa wannan sharaɗi kafin kowane hunturu, su fara da kansu.