KEKUNAN HAYA NA JAMA'A DA RABON TALAKA A BIRNI
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya



Da yawa daga cikinmu mun taso muna kai sulallanmu wajen mai hayar keke, ya ba mu na awa guda domin ya san iyayenmu. Wannan sana'a ce manyan biranen duniya suka mayar tsari: a jera kekuna a tashoshi, mutum ya ɗauka a nan, ya ajiye a can. Birnin Faris na Faransa ya buɗe nasa, mai suna Vélib', a shekarar 2007, birane da dama suka bi sahu.

Sai dai talakan da ya fi kowa bukatar abin hawa mai araha shi aka bari a baya. A farkon tsarin, ba a ba da keke sai da katin banki, a Faris har da jinginar Yuro 150 a wancan lokacin. A biranen Amurka kuma an fi kafa tashoshin a tsakiyar gari da unguwannin masu hali. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Birnin Filadelfiya ya lura da wannan. Da ya buɗe tsarinsa mai suna Indego a watan Afrilun 2015, da kekuna 600 da tashoshi 60, ya kai wani kaso na tashoshin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma yarda a biya da tsabar kuɗi a kantuna. A 2016 ya rage wa masu karɓar tallafin abinci kuɗin wata daga Dala 15 zuwa Dala 5. Birnin Shikago ma a 2015 ya ba talakawa rajistar shekarar farko a kan Dala 5 kacal.

'Yan uwa, mun san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Akwai 'ya'yan garinmu, masu koyon sana'a da leburori da ɗalibai, da ke tafiyar ƙasa mai nisa kullum domin kuɗin Keke Napep ya fi ƙarfinsu. Wasu sun bar wurin koyon aiki saboda haka.

Muna kira ga kowane reshe da ya sayi 'yan kekuna daga asusunsa, ya damƙa su ga amintaccen mai gyaran keke a unguwar da mutanenmu suka fi yawa. A karɓi tsabar kuɗi kaɗan, kada a nemi jingina. Shaidar dattijon reshe ta wadatar, tunda mun san juna, mun san gidajen juna. Muna fatan kowane reshe zai zo mana da rahoto a taron baɗi.

Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.