Amsar Wasiƙa: Manhajar Da Ba Za Ta Gajiyar Da Ƙaramar Na'ura Ba

Wasiƙarmu ta yau daga wani mai shagon cajin waya ce a ƙauye. Ya ce ya sayi 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa daga Ingila a 2012, yana so ya zuba mata finafinai da karatuttukan malamai, masu waya su riƙa kallo ta wifi ba sayen data. Wutarsa ta sola ce. Wace manhaja zai sa?

To Malam, ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Abin da ke wahalar da irin wannan na'ura shi ne sauya tsarin fim a daidai lokacin da ake kallonsa. Nan da nan za ta ɗau zafi, hoto ya yi ta tsayawa, batiri kuma ya sha wuya. Plex da Jellyfin duk suna wannan aiki. Jellyfin kyauta ce, ga kyan fasali, amma akwai cin ƙwaƙwalwa. Ita kuwa Plex sai ka buɗe asusu ta intanet, kai kuma ka san halin sabis a ƙauye.

Ni dai MiniDLNA zan ce ka sa, wadda ake kira ReadyMedia. Ba ta sauya komai, yadda ta sami fim haka take miƙa shi. Sai dai ka tabbata finafinan MP4 ne tun kafin ka zuba. Mai waya ya shiga wifi ɗinka, ya buɗe VLC, zai tarar da su a jere.